Ɗan Ƙasa, Ɗan Gari da Ɗan Duniya: Matsalar Harshe a Ilimin Zaman Ɗan Ƙasa a Jakusko da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

A cikin shekarar 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta yanke hukunci biyu waɗanda suka shafi kowace makaranta a Nijeriya. Na farko shi ne sabon jadawalin darussa da aka fitar a watan Satumba, inda aka haɗe nazarin zamantakewa da ilimin zaman ɗan ƙasa suka zama darasi guda a firamare da ƙaramar sakandare, a babbar sakandare kuma aka ƙara musu da tarihin Nijeriya. Na biyu shi ne sanarwar da Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya bayar a watan Nuwamba, cewa an soke manufar harshe ta 2022 wadda ta tanadi a koyar da yara da harshen uwa a duk shekaru shida na firamare, an mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga ajin farko. An tattauna hukuncin biyu a kafofin watsa labarai kamar ba su da dangantaka da juna. Alhali kuwa idan akwai darasin da rayuwarsa ta rataya a kan kalmomi, to wannan ne, domin ba shi da ɗakin gwaji, ba shi da alƙaluma. Jarinsa duka ma'ana ce.

Wannan maƙala za ta dubi yadda darasin ke isa ga ɗalibi a Jakusko da maƙwabtanta Gashua da Nguru, a arewacin Jihar Yobe. An zaɓi wurin ne saboda harshen gida da harshen kasuwa da harshen makaranta sun bambanta a cikinsa, ga shi kuma kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar, inda tambayar ko wane ne ɗan ƙasa take da nauyi a rayuwar yau da kullum.

2.0 Jakusko da Harsunanta

Jakusko ƙaramar hukuma ce a Jihar Yobe, jihar da aka cire daga Borno ranar 27 ga Agusta, 1991. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 229,083. Ita da ƙaramar hukumar Bade su ne ƙasar Masarautar Bade, kuma a cikinta ne Gorgoram take, tsohon birni mai ganuwa wanda Lawan Babuje ya mayar da shi cibiyar Badawa a ƙarni na 19, kafin daga baya fadar Mai Bade ta koma Gashua. Ban da Badawa, akwai Fulani da Hausawa da Barebari, musamman Mangawa, waɗanda suka fi yawa ta wajen Nguru.

Badanci harshe ne na iyalin Cadi, reshen yamma, ɗan'uwan Ngizim na Potiskum da Duwai na gabashin Gashua. Masana sun kasa shi kare uku: na yamma, wanda ake ji a garuruwa irin su Amshi da Dagona, da na Gashua, da na kudu. Karin yamma ya yi suna a wurin manazarta saboda ɗafa-ƙeyar -n da yake liƙa wa sunaye, abin da ya yi kama da tanwinin Larabci, wanda Renate Lukas ta yi rubutu a kansa tun a ƙarshen shekarun 1960. Marigayi Russell G. Schuh ya fara aiki a kan harshen a shekarun 1970, daga baya kuma shi da Alhaji Maina Gimba suka jagoranci aikin binciken harsunan Yobe, wanda ya samar da ƙamus biyu na Badanci da Ingilishi da Hausa a 2004, ɗaya na karin yamma, ɗaya na karin Gashua.

Abin lura a nan shi ne cewa Hausa ta zama harshen cuɗanya a duk yankin. A cikin garin Gashua akwai yara 'ya'yan Badawa da suka fi sakewa da Hausa a kan harshen iyayensu. Tarihi kuma ya nuna inda irin wannan hanya take kaiwa: harsunan Auyokawa da Shirawa da Teshenawa, waɗanda dangin Badanci ne a yammacinsa, sun ɓace, jikokin masu magana da su Hausa suke yi. Saboda haka idan aka ce "harshen uwa" ko "harshen al'ummar da ke kewaye", kamar yadda Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanada don azuzuwan farko, a Jakusko ba abu ɗaya ake nufi ba. A aikace kuma abin da aka saba gani a makarantun karkarar Arewa shi ne malami ya karanta littafi da Ingilishi, ya yi bayani da Hausa, ɗalibi ya koma gida ya ci gaba da rayuwa da Badanci ko Fulatanci, sannan ya dawo ya rubuta jarrabawa da Ingilishi.

3.0 Yadda Darasin Ya Faro

Koyar da mutane zaman ɗan ƙasa a Arewa ya girmi darasin da ke cikin manhaja. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, da gangamin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, da waƙoƙin su Sa'adu Zungur, duk sun yi wannan aiki da Hausa. Ta hanyar waƙar Zungur ce kalmomin jumhuriya da mulukiya suka shiga bakin mutanen da ba su taɓa zama a aji ba. Jam'iyyar NEPU da aka kafa a 1950 ita ma makaranta ce a wannan fage, ko da yake hukumomin En'e na lokacin ba su ɗauke ta haka ba.

A makarantun boko kuwa, taron manhaja na ƙasa na 1969 da Manufar Ilimi ta 1977 su suka ba nazarin zamantakewa gindin zama, da burin ɗinke ƙasar da ta fito daga yaƙin basasa. Gwamnatocin soja suka biyo da nasu gangamin: yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, MAMSER a 1987, sai Hukumar Wayar da Kan Jama'a ta Ƙasa a 1993. A manhajar ilimin bai-ɗaya ta 2007 aka ware darasin zaman ɗan ƙasa, wanda ɗalibai ke kira sibik, ya tsaya da kansa, kuma a 2014 aka fara rubuta shi a jarrabawar WAEC a matsayin darasi na dole.

Duk waɗannan matakai daga sama suka sauko, kuma da Ingilishi aka tsara su. A daidai wannan lokaci kuma ma'anar darasin tana faɗaɗa a waje. A 2012 Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Ban Ki-moon, ya sa tarbiyyar mutum a matsayin ɗan al'ummar duniya cikin manyan manufofi uku na shirinsa na ilimi. A 2015 batun ya shiga Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa a ƙarƙashin manufa ta 4.7, a 2023 kuma UNESCO ta sabunta shawararta ta 1974 a kan ilimi don zaman lafiya da 'yancin ɗan Adam. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka amince da waɗannan. Ke nan malamin da ke Muguram ko Buduwa an ɗora masa koyar da zaman ɗan Nijeriya da kuma zaman ɗan al'ummar duniya, ba tare da an ba shi kalmomin da zai yi aikin da su ba.

4.0 Kalmomin da Malami Ke Juyawa

4.1 Ɗan ƙasa

Kalmar ƙasa a Hausa tana da rassa da yawa. Tana nufin turɓaya, tana nufin abin da ke kishiyantar sama, tana nufin yankin da wani sarki ke mulka, tana kuma nufin ƙasa mai tuta da kundin tsarin mulki. A dubi waɗannan misalai:

(1) a. Ya zuba ƙasa a rami.
b. Ƙasar Bade ta yi iyaka da ƙasar Haɗeja.
c. Nijeriya ƙasa ce mai jihohi 36.

Ma'anar (1b) ta girmi ta (1c) da ɗaruruwan shekaru, kuma har yau ita ce ta fi kusa da zuciyar mai magana. Don haka harɗaɗɗen suna ɗan ƙasa yana ɗauke da fuska biyu. A littafin makaranta yana nufin duk wanda Babi na Uku na Tsarin Mulkin 1999 ya ba wannan matsayi. A bakin jama'a kuwa yana nufin wanda kakanninsa suka sari dajin wurin, kishiyarsa kuma shi ne baƙo:

(2) a. Sarautar nan ta 'yan ƙasa ce, ba ta baƙi ba.
b. Kowane ɗan ƙasa yana da damar zama a inda ya ga dama.

Jimlolin biyu daidai suke a nahawu, amma ɗan ƙasa na (2a) yana rushe abin da na (2b) ke ginawa. Idan malami ya karanta sashe na 41 da na 42 na Tsarin Mulki, waɗanda suka ba kowa 'yancin zirga-zirga da zama a ko'ina suka kuma hana wariya, ya fassara su da (2b), ɗalibin da ya taso da ma'anar (2a) zai iya fahimtar cewa 'yancin na Badawa ne a ƙasar Bade, na Mangawa a Nguru. Jikan Bahaushen da jirgin ƙasa ya kawo kakansa Nguru bayan layin dogo daga Kano ya iso garin wajen 1930, shi kuma ya zauna yana tunanin ko da shi ake.

Ba za a ɗora laifin wannan ruɗani a kan Hausa kaɗai ba, domin dokar kanta fuska biyu gare ta. Tsarin Mulkin da ya hana wariya shi ne kuma ya tanadi rabon muƙamai bisa asalin jiha a sashe na 14(3) da na 147(3), kuma takardar shaidar asali da ƙaramar hukuma ke bayarwa ita ce mabuɗin gurbin karatu da aikin gwamnati. Ɗalibin Jakusko ya san darajar wannan takarda tun kafin ya ji sunan Tsarin Mulki. Littattafan darasin sukan ratsa batun da sauri, watakila don gudun tayar da ƙura, alhali shi ne wurin da ɗalibi ya fi bukatar bayani. Abin da ya dace shi ne a raba kalmomin a fili tun a aji: ɗan ƙasa ga matsayin da doka ta bayar, ɗan asali ga wanda ke riƙe da waccan takarda, mazauni ga wanda ke zaune a wuri yana biyan haraji yana kaɗa ƙuri'a a cikinsa.

Tarihin tsohuwar Jihar Borno, wadda Jakusko ke cikinta a lokacin, yana da misalin da ya fi kowane bayani. A watan Janairu na 1980 Gwamnatin Tarayya ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dokokin Borno, ta tsallakar da shi Cadi bisa zargin cewa ba ɗan Nijeriya ba ne. Kotu ta yanke cewa ɗan ƙasa ne, korarsa kuma ta saɓa wa doka. Shari'ar ta tattaro duk abin da darasin ke son koyarwa: yadda ake zama ɗan ƙasa ta haihuwa, iyakar ikon gwamnati, da aikin kotu. Ga ta kuma ta faru a ƙasar da kusan kowane gida ke da dangi a ƙetaren iyaka.

4.2 Talaka, 'yanci da haƙƙi

Kafin zuwan ɗan ƙasa da sabuwar ma'anarsa, kalmar da ke bayyana matsayin mutum a gaban hukuma ita ce talaka, wadda ke da takwarori a Barbarci da Azbinanci. Talaka shi ne wanda ba ya riƙe da sarauta, ko da yana da garken shanu. Daga baya ne ma'anar rashin abin hannu ta rinjaya. Tsarin da kalmar ta fito daga cikinsa tsani ne: Mai a sama, hakimi, lawani, bulama, sannan talaka a ƙasa, wanda nasa shi ne biyayya da haraji. 'Yan siyasar shekarun 1950 sun yi ƙoƙarin juya kalmar ta zama tutar alfahari, amma har yau mai cewa "mu talakawa" yana bayyana kansa ne a matsayin wanda ake yi wa mulki. Darasin zaman ɗan ƙasa yana son ɗalibi ya ga kansa a matsayin wanda mulkin ya fito daga hannunsa, kamar yadda sashe na 14(2) ya tanada. Tsakanin waɗannan tunani biyu akwai tazarar da haddar ma'anoni ba ta cike ta.

'Yanci kuma tushensa ɗa da 'ya ne, wato ɗa a ma'anar wanda ba bawa ba, shi ya sa a karin yamma ake cewa ɗiyauci. Asalinsa matsayi ne da mutum ke da shi ko ya rasa shi gaba ɗaya, ba a ƙirga shi. Ingilishi kuwa yana jera abubuwan da Babi na Huɗu ya ƙunsa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa mafassara suka koma ga haƙƙi da jam'insa haƙƙoƙi. Wannan kalma ta Larabci tana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba, domin tana kallon ɓangare biyu a lokaci guda:

(3) a. A ba shi haƙƙinsa.
b. Haƙƙin maƙwabci yana kanka.
c. Ya ɗauki haƙƙin marayu.

A (3a) abin da mutum ke bi ne, a (3b) abin da ake bin sa, a (3c) kuma alhaki ne da za a tambaye shi gobe ƙiyama. Littafin Ingilishi yakan raba abin da ɗan ƙasa ke bi da abin da ake bin sa zuwa babi biyu, na farko daga Babi na Huɗu, na biyu daga sashe na 24. Hausa ta riga ta ɗaure su a kalma guda, ta kuma rataya musu nauyin addini. Malamin da ya fara daga (3b), wanda kowane almajiri ya sani, ya fi kusa da kai ɗalibi ga fahimtar dalilin biyan haraji ko kare kayan gwamnati a kan wanda ya fara daga jerin da za a haddace. Haka nan siffofin mutumin kirki da A.H.M. Kirk-Greene ya tattara a laccarsa da aka buga a 1974, irin su gaskiya da amana da mutunci da adalci, jari ne da manhaja ba ta taɓa cin moriyarsa yadda ya kamata ba. Sai dai a yi hattara: kunya da haƙuri da ladabi, waɗanda su ma suna cikin jerin, suna iya zama abin da zai hana matashi tambayar kansila inda kuɗin rijiya suka shiga.

4.3 Ɗan duniya

A nan ne fassarar kai-tsaye take yin ɓarna mafi girma. Idan aka ɗauki kalmar da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ke amfani da ita aka juya ta bisa ƙirar ɗan ƙasa, abin da za a samu shi ne ɗan duniya. A Hausa kuwa ɗan duniya shi ne tantiri, wanda ya yar da kunya. Wanda ya shiga duniya ya bar gaban iyayensa ke nan, 'yar duniya kuma ba sunan da uba zai so a kira 'yarsa da shi ba ne. Duniya a tunanin Bahaushe, da ma na sauran Musulmin yankin, kishiyar lahira ce kafin ta zama taswirar nahiyoyi.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a jihar da makarantun boko suka sha hare-hare, daga Mamudo a 2013 da Buni Yadi a 2014 zuwa Dapchi a 2018, daga hannun masu da'awar cewa boko na raba yaro da addininsa. Malamin da ya shaida wa iyaye cewa makaranta za ta mayar da 'ya'yansu 'yan duniya ya miƙa wa masu wannan da'awa hujja a kyauta. Hausa tana da hanyoyin da suka fi wannan lafiya. Ɗan Adam da bil'adama suna tattara mutane duka a ƙarƙashin kaka ɗaya ba tare da la'akari da addini ko launi ba. Maƙwabtaka tana ɗauke da haƙƙin da aka gani a (3b), kuma tana iya miƙewa daga katangar gida zuwa ƙasa da ƙasa. Ana iya kiran fannin ilimin zaman tare na bil'adama, ko da yake ya yi tsawo. Tsawon da aka fahimta ya fi gajartar da za ta kori iyaye.

5.0 Duniyar da Ke Bakin Ƙofa

Akwai zaton da ke ɓoye a cikin manhajojin da ake shigowa da su, cewa yaron karkara a rufe yake, aikin makaranta shi ne ta buɗe masa taga. Yankin Nguru da Gashua bai taɓa zama a rufe ba. Nguru ita ce mazaunin Galadiman Borno, mai tsaron yammacin daular. Jirgin ƙasa ya ɗebi gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu daga tasharta zuwa kudu da ƙetare. Zawiyar Shehu Muhammadu Gibrima, wanda ya rasu a 1975, ta haɗa garin da Kaulaha ta Senegal. Mahajjata sun bi ta Cadi da Sudan da ƙafa, waɗansu ba su dawo ba, zuriyarsu na can. Sashen Hausa na BBC yana magana da mutanen yankin tun 1957, na Jamus tun 1963, na Faransa tun 2007, yanzu kuma wayar hannu ta kawo Facebook da WhatsApp da TikTok, da labarin gaskiya da na ƙarya a kwando ɗaya. Dattijon da ke zaune da rediyo a kasuwar Jakusko yakan san abin da ke gudana a Gabas ta Tsakiya fiye da abin da ke cikin kasafin kuɗin ƙaramar hukumarsa. Giɓin da ke akwai ke nan, kuma ta wannan gefen ne ya fi faɗi.

Misali mafi kyau na haɗuwar gida da waje shi ne ruwa. Kogin Haɗeja da na Jama'are suna malala cikin dausayin Haɗeja da Nguru, su haɗu su zama Komadugu Yobe, wanda ke bi ta Gashua, ya zama iyakar Nijeriya da Nijar a ƙarshen tafiyarsa, ya faɗa Tafkin Cadi. Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992, dukansu a Jihar Kano, sun sauya yadda ambaliyar shekara-shekara ke zuwa, wadda noman shinkafa da su da kiwon rani suka dogara a kanta. Ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya nutse, wani ya bushe. Idan fadama ta ƙanƙance, manomi da makiyayi sukan haɗu a kan ɗan abin da ya rage, kuma Jakusko ta ga irin wannan rikici. A 2022 kuma ambaliya ta ci gidaje da gonaki a yankin.

A cikin wannan labari guda akwai kowane mataki na hukuma da darasin ke son ɗalibi ya sani. Akwai bulama da sarkin ruwa masu sasanta rikicin kamun kifi. Akwai jihohin da suka raba kogin. Akwai hukumomin raya kogunan na tarayya. Akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 tsakanin Nijeriya da Nijar a kan rabon ruwan da suka yi tarayya a kai. Akwai Hukumar Tafkin Cadi da aka kafa a 1964. Akwai kuma yarjejeniyar Ramsar, wadda aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma a ƙarƙashinta a 2000. Tsuntsayen da ke sauka a Dagona da hunturu daga Turai suke tasowa. Yaron da aka bi da shi wannan hanya, daga gonar mahaifinsa zuwa Tiga zuwa Tafkin Cadi, ya koyi ma'anar haƙƙin na ƙasa a kan na sama ba tare da an ambaci kalmar duniya ba.

Iyaka ma haka take. Layin da Ingila da Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20 ya raba Mangawa biyu, waɗansu a Nguru da Machina da Yusufari, waɗansu a Gure da Maine-Sorowa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta sauƙaƙa zirga-zirga, amma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka rufe iyakar na tsawon watanni, a Janairu 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar. Ɗalibin da mahaifiyarsa 'yar Nijar ce yana da tambayoyi na gaske: shi ɗan wace ƙasa ne, zai iya riƙe biyu, me ya sa sashe na 26 ya ba matar ɗan Nijeriya damar yin rajista amma bai ba mijin 'yar Nijeriya ba? Amsoshin suna cikin Babi na Uku, babin da ba ya wuce 'yan shafuka.

6.0 Da Wane Harshe?

Hujjar da aka bayar wajen soke manufar 2022 ita ce faɗuwar ɗalibai a jarrabawa a yankunan da aka ce sun rungumi koyarwa da harshen uwa. Masana harshe da dama sun ƙalubalanci wannan, domin manufar ba ta samu littattafai da malaman da za a ce an gwada ta ba, kuma gwajin shekara shida na Ife da Babs Fafunwa ya jagoranta daga 1970 ya nuna akasin haka. Ko ma dai yaya aka kalli muhawarar, sanarwa ba ta sauya abin da ke faruwa a aji. Malami zai ci gaba da bayani da Hausa domin ita ɗalibansa ke ji, sai dai yanzu zai yi ne ba da izini ba, ba da littafi ba, kowa da irin fassarar da ta zo bakinsa.

Aikin da ke gaban masana harsunan Nijeriya a nan a bayyane yake. An taɓa yin irinsa: littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, da ƙamus ɗin kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu da NERDC ta fitar a 1991. Na biyun an yi shi ne don 'yan majalisa, bisa tanadin da ke ba da damar gudanar da zaman Majalisar Tarayya da Hausa da Ibo da Yarabanci. Ɗan aji huɗu bai samu nasa ba. Ana bukatar ɗan ƙaramin kundi na kalmomin zaman ɗan ƙasa, wanda zai bayyana kowace kalma da misalai daga rayuwar yankin, ya kuma yi gargaɗi a kan masu fuska biyu irin waɗanda aka gani a sama.

Sai dai tsayawa a kan Hausa kaɗai zai maimaita wa Badanci abin da Ingilishi ke yi wa Hausa. Darasin da ke koya wa yaro cewa kowace al'umma tana da daraja, amma bai taɓa furta kalma ɗaya da harshen kakarsa ba, ya ƙaryata kansa. Ba lallai ne a jira littafin Badanci na kowane darasi ba. Ƙamus biyu na 2004 suna nan, tare da tatsuniyoyi da karin maganar da aikin harsunan Yobe ya tattara. Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da ke Gashua, wadda ke horar da malaman firamaren yankin, da Jami'ar Tarayya ta Gashua da aka kafa a 2013, suna da ɗalibai masu jin karin yamma da na Gashua da na kudu. Ana iya tura su ga dattawan Gorgoram da Amshi su tambayo yadda Badanci ke kiran baƙo da mai gari, da rabon ruwa, da aikin gayya, da sulhu bayan faɗa, a rubuta amsoshin gefe da gefe da na Hausa da Barbarci da Fulatanci. Bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gorgoram, da dokokinsa na lokacin shiga ruwa da wanda ke ba da izini, ya isa ya zama babin farko na irin wannan kundi.